Daga Hannun Ƙarfe Zuwa Batir: Tarihin Tada Mota a Cikin Sanyi

Motar da Carl Benz ya yi wa rajista a Jamus a watan Janairun 1886 ba ta da makulli. Mai son tafiya sai ya zagaya bayanta, ya kama wani babban faifan ƙarfe da ke kwance a kan injin, ya murza shi da ƙarfin damtse har injin ya kama. Tun daga ranar maƙeran mota suka gaji wata matsala da ta daɗe tana ci musu tuwo a ƙwarya: injin fetur ba ya iya tada kansa. Sai wani abu daga waje ya juya shi, ya zuƙi iska da mai, ya matse su, wuta ta kama, sannan ya ci gaba da kansa. Ko da zafi wannan aiki ne mai wuya. A ƙasashen da ruwa ke zama ƙanƙara kuwa, yakan cinye safiya ɗungurungum, wani lokaci har da karaya.

Masu ba da tarihin mota sun fi son zancen gudu da kyawun jiki da tseren da aka ci. Amma wanda ya bi labarin ta ƙofar tada inji zai ga cewa a nan ne aka raba gardama tsakanin tururi da lantarki da fetur. Zai kuma ga yadda ɗan ƙaramin injin lantarkin da aka ɗauko don ya yi wa injin fetur hidimar daƙiƙa biyu ko uku ya girma bayan shekara 100, har yau ana cire injin fetur daga tsofaffin motoci ana ɗora shi a gurbinsa.

Gwanaye uku a fage ɗaya

A farkon ƙarni na 20 ba wanda ya san wace irin mota za ta yi rinjaye. Ƙididdigar Amurka ta 1900 ta nuna cewa cikin motoci 4,192 da aka ƙera, 1,681 masu tururi ne, 1,575 masu lantarki, 936 kacal masu fetur. Motar da ta fara haura gudun kilomita 100 a awa ma ta lantarki ce, wadda ɗan Beljiyam Camille Jenatzy ya tuƙa kusa da Paris a watan Afrilun 1899.

Kowacce da lagonta. Motar tururi, irin wadda tagwayen gidan Stanley suke ƙerawa a Massachusetts, tana da ƙarfi da laushin tafiya, amma sai an kunna wuta a ƙarƙashin tukunyarta an jira ruwa ya tafasa, abin da kan ci minti 20 ko fiye. Ga shi kuma ruwan da take rayuwa da shi, shi sanyi ke fara kamawa: in ya daskare cikin bututu sai ya fasa shi. Motar lantarki ba ta san wannan wahala ba. A shiga, a zauna, a tura sanda, ta tafi, ba ƙara ba hayaƙi. Shi ya sa likitoci masu fitar dare da matan attajiran birane suka rungume ta. Clara Ford, matar Henry Ford kansa, Detroit Electric take hawa, alhali mijinta na cika duniya da motocin fetur. Lagonta batir ne: ga nauyi, ga shi ba ya kai ta nesa, ƙauyuka kuma ba su da wutar caji. Motar fetur kuwa tana zuwa duk inda aka sami gwangwanin mai, sai dai tada ta aikin ƙarti ne.

Asubahin manomi da Model T

Ford Model T, wadda ta fito a 1908 aka kuma ƙera sama da miliyan 15 kafin a daina a 1927, ita ta koya wa talakan Amurka wannan aiki. Ga yadda manomi a Minnesota ko Dakota yake fama da ita da asubahin Janairu. Tun da dare ya zubar da ruwan lagireto, don in ya bar shi ya kwana zai daskare ya tsaga injin. Da safe a dafa ruwa a buta, ya zuba wani a lagireto, wani ya kwarara a kan bututun da ke kai mai cikin inji, saboda fetur mai sanyi ba ya tashi ya gauraya da iska yadda wuta za ta kama shi. Baƙin mai ya yi kauri kamar man shanun da ya kwana a ƙwarya da hunturu, ya riƙe kayan giya. Don haka sai ya sa weji a ƙafafun gaba, ya sa jak ya ɗaga ƙafar baya ɗaya, domin injin ya sami sauƙin juyawa, kuma kada motar ta tashi ta taho kansa. Ya tura 'yar sandar da ke hagun sitiyari sama don wutar fulogi ta jinkirta, ya ɗan buɗe ta dama, wato totur. Sannan ya zo gaban mota, ya ja zoben waya na cok da ke leƙowa ta gefen lagireto, ya juya hannun ƙarfen tada inji sau biyu ko uku don mai ya shiga. Ya koma ya kunna wuta, ya dawo ya tallafi ƙarfen a tafin hannu, babban yatsa a gefe ɗaya da sauran yatsun, ya fizgo sama da iya ƙarfinsa.

Wannan riƙo ba ado ba ne. Idan ya manta bai jinkirta wutar ba, man zai kama kafin fistin ya gama hawa, injin ya juyo da baya, ƙarfen ya dawo ya bugi hannu. Karayar wuyan hannu da ake samu ta haka ta yi yawa har likitoci suka laƙaba mata sunan karayar direba, sunan da ke nan a littattafan likitocin ƙashi har yau. Tsofaffi, da mata da yawa, da duk wanda ba shi da ƙarfin ƙirji, an rufe musu ƙofar motar fetur ke nan, sai in suna da halin ɗaukar direba.

Labarin da aka saba bayarwa a Detroit shi ne, wani mai kamfanin mota, Byron Carter, ya tsaya taimakon wata mata da motarta ta mutu a kan gadar Belle Isle. Ƙarfen ya juyo ya karya masa muƙamuƙi, bai daɗe ba ya rasu a 1908. Henry Leland, shugaban kamfanin Cadillac, ya ɗauki abin da zafi, ya sa injiniyoyinsa su nemo hanyar raba mota da wannan ƙarfe. An riga an gwada tada inji da matsattsiyar iska, an gwada da iskar gas. Lantarki ma an duba shi, amma lissafin masana yana nuna cewa injin lantarkin da zai iya juya injin mota girmansa zai yi yawa, batirinsa kuma nauyi.

Wanda ya warware ƙullin shi ne Charles Kettering, ɗan manomi daga Ohio. Ya taɓa aiki a kamfanin National Cash Register da ke Dayton, inda ya ƙera ɗan injin lantarki mai juya na'urar lissafin kuɗi ta kantuna. A can ya gane abin da lissafin sauran ya tsallake: injin da zai yi aikin 'yan daƙiƙoƙi kawai ana iya ɗora masa nauyin da ya ninka ƙarfinsa, domin kafin ya yi zafin da zai ƙone, aikin ya ƙare. Shi da abokan aikinsa a kamfanin Delco, wanda suka kafa da Edward Deeds a 1909, suka haɗa na'ura ɗaya, wato kikstata, da ke tada inji, in ya tashi ta koma tana caja batir, batirin kuma ya ba fulogi da fitilu wuta. An gwada ta a jikin Cadillac a Fabrairun 1911, tsakiyar sanyi, ta fito kasuwa a motocin 1912. Ford ya jinkirta har 1919 kafin ya sa wa Model T kikstata, amma a shekarun 1920 kusan duk sabuwar mota da ita take fitowa.

Nan motar lantarki ta rasa babbar hujjarta. Abin da ake biyan kuɗi mai yawa dominsa, wato tashi ba wahala, ya samu a motar da ta fi ta arha nesa ba kusa ba. A tsakiyar shekarun 1920 ana sayen Model T ƙasa da dala 300. Kamfanonin motar lantarki suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Detroit Electric ta fi kowa juriya, ta kai 1939 bayan ta ƙera motoci wajen 13,000. Lantarki bai bar mota ba, amma ya koma bara a gidan fetur.

Sanyi bai sallama ba

Kikstata ta ɗauke wahala daga damtsen mutum ta ɗora wa batir, sanyi kuwa ya bi ta can. Batirin dalma da ruwan asid, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, daga haɗuwar sinadarai yake samar da wuta, sanyi kuma yana rage saurin wannan haɗuwa. Ke nan lokacin da inji ya fi nauyin juyawa saboda kaurin mai, a lokacin ne batir ya fi rauni. Lambar CCA da muke gani a jikin batir a kasuwa daga nan ta samo asali: yawan wutar da zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili ba tare da ya durƙushe ba. A shekarun 1950 kamfanonin Amurka suka tashi daga batir mai bolt 6 zuwa mai 12, aka kuma fito da baƙin mai mai laushi da sanyi wanda ba ya tsinkewa in inji ya yi zafi, mai lamba irin 10W-30. A North Dakota wani injiniyan lantarki, Andrew Freeman, ya ƙera ɗan ƙarfen dumama inji da ake jona wa wutar gida, ya sami rajistarsa a 1949. Har gobe a garuruwan Kanada da Alaska za ka ga kan waya na leƙowa daga gaban motoci, wuraren ajiye mota kuma da soket a jikin turaku.

Injin gas, wato dizal, ya fi shan wuya, domin ba shi da fulogi mai tartsatsi. Zafin matse iska ne kaɗai ke kunna man, ƙarfe mai sanyi kuma shanye zafin yake yi. Man kansa in sanyi ya tsananta yana fitar da kakin da ke toshe matata. Dabarun da aka yi wa manyan injina abin kallo ne. Tarakta Lanz Bulldog ta Jamus, wadda aka fara ƙerawa a Mannheim a 1921, sai an hura wa goshin injinta wuta na wasu mintuna. A samfurori da yawa sitiyarin ake cirewa a soka a gefen inji a murɗa. Field Marshall ta Ingila kuwa, bayan yaƙin duniya na biyu, 'yar takarda ake kunnawa a cusa a silinda, a sa harsashi marar dalma a wani rami, a buga da guduma, ƙarfin fashewar ya tura fistin. Motocin gas na yau suna da 'yan ƙarafan dumama silinda, masu wannan fitila mai siffar naɗaɗɗiyar waya da direban kirki ke jira ta mutu kafin ya yi ki.

Yaƙi ya nuna tsadar matsalar. A ƙarshen 1941, a bakin Mosko, sanyi ya wuce digiri 30 ƙasa da sifili, man motocin sojan Jamus ya sandare, sojoji suka riƙa hura wuta a ƙarƙashin tankoki da manyan motoci kafin su tashi. Tankar Rasha T-34 kuwa, ban da kikstata, tana ɗauke da tulunan matsattsiyar iska don juya injinta idan batir ya gaza.

Motar da ba ta da ruwa

Motar da ta yi suna wajen raina sanyi ita ce Volkswagen Beetle, wato Basuwaja. Ferdinand Porsche ya tsara ta a shekarun 1930 da injin da iska ke sanyaya shi, ba lagireto ba ruwa, saboda mai ƙaramin ƙarfi a Jamus ba shi da gareji, a titi motarsa za ta kwana. Abin da ba shi da ruwa ba ya daskarewa, ba ya kuma tafasa. A 1963 masu bincike 'yan Ostareliya suka kai wata ja tashar Mawson da ke Antatika, ta shekara tana aiki a kan ƙanƙara, da ta dawo gida kuma ta ci tseren BP Rally na 1964. A Fabrairun 1972 Beetle ta wuce Model T a yawa, kuma ranar 30 ga Yulin 2003, da ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla ta Meziko, jimilla ta kai 21,529,464.

Siffar da aka yi domin sanyin Jamus ita ta sa motar ta karɓu a zafin ƙasarmu. A 1975 aka fara harhaɗa ta a Ojo ta Legas, shekarar da masana'antar Peugeot ta buɗe a Kakuri ta Kaduna. Malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da suka sami bashin mota a wancan zamani, Basuwaja ko Fijo 504 suka fi saye, akori-kura kuma ita ke ɗaukar kayan kasuwannin ƙauye.

Sanyinmu bai kai na Turai ba, kuma zafi ne ya fi kashe batir a nan, domin yana ƙafar da ruwansa yana cin cikinsa. Amma hunturu ne ke tona asirin batirin da zafi ya riga ya cinye. Duk wanda ya saba sammako a tashar mota a Jos ko Funtuwa ko Damagaram cikin Disamba ya san abin. Direba ya ja cok, ya taka totur sau biyu, ya yi ki. Injin ya yi gurnani sau ɗaya, sai ƙas-ƙas. Ya leƙo ta taga: "Ku yi haƙuri 'yan'uwa, a ɗan taimaka mana da turi." Yaron mota ya cire weji, maza su sauko suna naɗe hannun riga, direba ya sa giya ta biyu ya danne kuloci. In ta ɗauki gudu ya saki ƙafa, motar ta zabura, salansa ta yi tari da baƙin hayaƙi, kowa ya bi ta a guje. Direbobin roka da suka san halin batirinsu a kan gangara suke kwana da mota. Bakanike kuwa yakan buɗe kafireto ya ɗiga fetur kaɗan a maƙogwaronta, ko ya toshe bakinta da tafin hannu yaronsa na yin ki, ya yi da hannu abin da cok ke yi. Hannun ƙarfen da Kettering ya kora daga mota ma bai bar mu ba: mai tsohon injin niƙa yana nan yana juya shi kowace safiya.

Daga shekarun 1980 zuwa 1990 injekta da kwamfutar inji suka maye gurbin kafireto. Na'ura ke auna sanyin inji ta ƙara mai daidai buƙata, cok ya ɓace daga gaban direba. Wanda ya koyi tuƙi bayan nan bai san cewa tada mota wani ilimi ne mai zaman kansa ba.

Bara ya dawo ya gaji gida

Abin da ya sauya lissafi shi ne batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991. Da Tesla ta fitar da Roadster a 2008, kowa ya ga batir zai iya kai mota sama da kilomita 300. Daga nan ƙananan garejoji a Kalifoniya da Ingila da Jamus suka fara sayen batiran motocin lantarki da suka yi haɗari suna dasawa a tsofaffin Beetle da Porsche da Land Rover.

Manyan kamfanoni suka biyo baya. A 2017 Jaguar ta nuna E-type Zero, motar 1968 da aka cire wa inji mai silinda 6 aka sa batirin da girmansa da nauyinsa suka yi kusan daidai da na injin, domin kada tafiyar motar ta sauya, kuma in an so a iya mayar da na asali. Ita Yarima Harry ya tuƙa da amaryarsa daga fadar Windsor ranar 19 ga Mayun 2018. A 2019 Volkswagen da kamfanin eClassics suka nuna tsohuwar Beetle mai kayan lantarki, mai tafiyar sama da kilomita 200 a caji ɗaya. Faransa ta halatta irin wannan sauyi a 2020, yau ana sayar da kayan mayar da Citroën 2CV da Renault 4 lantarki.

Akwai kuma reshe na biyu, wato kwaikwayo: sabuwar mota tun daga tushe, amma da siffar tsohuwa. Asalinsa ya fi yadda ake zato daɗewa. A 1926 Ettore Bugatti ya ƙera wa ɗansa Roland 'yar motar tsere, rabin girman Type 35. Masu kuɗi suka gani suka nema, aka yi wajen 500 masu aiki da batir. A 2019 aka farfaɗo da ita da sunan Baby II, kashi 3 cikin 4 na girman Type 35, har babba na iya shiga. Microlino ta Suwizalan, mai ƙofa a goshi, siffar Isetta ta shekarun 1950 ta ɗauko, ID. Buzz ta Volkswagen ta 2022 kuma jikar tsohuwar Kombi ce.

A nan gida ma ba a zauna ba. A 2014 wani ɗalibin Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya mayar da tsohuwar Beetle mai aiki da batir da faifan sola. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya fara da cire injinan ƙananan motocin haya yana sa musu na lantarki, kafin ya shiga ƙera nasa.

To, lantarki ya gama da sanyi? Wajen tashi, ƙwarai kuwa. Injin lantarki ba ya jiran mai ya gauraya da iska, ba ya jiran a juya shi; da wuta ta iso yake motsawa. Amma sanyi ya sake komawa kan batir, kamar yadda ya yi bayan 1912. Batirin litiyam mai sanyi ba ya ba da duk abin da ke cikinsa, caja shi da sauri a ƙasa da sifili kuma lalata shi yake yi, don haka motar kan rage cajin ko ta dumama batirin tukuna. Injin fetur yana zubar da yawancin ƙarfin mansa a matsayin zafi, da wannan asara ake dumama fasinja kyauta. Motar lantarki daga batir take cire ɗumin. Gwajin AAA, ƙungiyar masu motoci ta Amurka, a 2019 ya nuna cewa a sanyin digiri 7 ƙasa da sifili, da na'urar ɗumi a kunne, nisan tafiya ya ragu da kashi 41 cikin 100. Duk da haka Nowe, mai dogon sanyi, ita ce kan gaba a duniya: kusan kashi 89 cikin 100 na sababbin motocin da aka sayar a can a 2024 na lantarki ne. Gwamnati ta sassauta musu haraji, mutane kuma sun koyi dumama mota tun tana jone da wuta kafin su fita, dabarar Freeman ke nan a sabon salo. Har yau yawancin motocin lantarki suna ɗauke da ƙaramin batir mai bolt 12 da ke kunna kwamfuta ya haɗa babban. In ya mutu a daren sanyi, motar ba ta ko motsi.

Me za a adana?

Ba kowa ne ya yi murna da wannan sauyi ba. A Oktoban 2019 FIVA, ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, ta bayyana matsayinta: motar tarihi ita ce wadda ta shekara 30 zuwa sama aka kuma adana ta a kan asalinta, wadda aka cire wa inji aka sa lantarki ta fita daga sahun. Ta shawarci masu yi su ajiye kayan asali, su kuma yi aikin ta yadda za a iya warware shi. Masu sauyawa suna amsawa da cewa motar da ke yawo a titi ta fi wadda ke tsatsa a bayan gida, ga kuma biranen Turai na ta ƙuntata wa motoci masu hayaƙi.

Kowane ɓangare na da gaskiya, amma ba a kan mota ɗaya ba. Beetle da aka ƙera sama da miliyan 21, in injin ɗaya ya mutu aka ba ta batir ta ci gaba da kai yara makaranta, tarihi bai yi asarar komai ba. Motar da 'yan ƙalilan suka rage a duniya kuwa, cire mata inji ɓarna ce, domin injin shi ne shaidar yadda mutanen wancan zamani suka yi tunani. Injin ma shi kaɗai bai isa ba sai da wanda ya iya tada shi. Mutanen Ingila sun gane haka. Kowace Lahadin farko ta Nuwamba, da fitowar rana, ɗaruruwan motocin da aka ƙera kafin 1905 ke tashi daga Hyde Park ta Landan zuwa Brighton, tafiyar kusan kilomita 100, masu tururi da masu fetur da masu lantarki a jere. Dole masu su su iya hura tukunya da riƙon ƙarfe a cikin sanyin asuba, kuma ta haka ilimin ke wucewa daga hannu zuwa hannu.

Mu a nan ba gardamar lantarki ce ke cinye tsofaffin motocinmu ba, ma'aunin 'yan gwangwan ne. Fijon da aka harhaɗa a Kaduna, da Basuwajar Ojo, da roka mai bodin katako, ana yanka su ana sayarwa da kilo. Kanikawan da ke daidaita kafireto da kunne suna tsufa, yaran garejinsu sun koma injekta. Gidajen tarihi da kwalejojin fasaha na jihohinmu za su iya ajiye ɗaya-ɗaya daga kowane samfuri da injinsa na asali, a riƙa tada su a gaban ɗalibai, a kuma ɗauki bayanin tsofaffin kanikawa da direbobi tun suna raye. Sauran masu lafiyayyen jiki da matattun injina kuwa, rana muna da ita, matasan da suka nuna sun iya ma muna da su. A ba su su sa musu batir su koma titi. Dukan ayyukan biyu sun fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma duk shekarar da aka jinkirta, motocin da za a ceta da mutanen da suka san sirrinsu raguwa suke yi.